Bo Jackson: tambayoyi da amsoshi kan ɗan wasan da ya haɗa wasa uku a jami'ar Auburn

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk sanda aka ɗauko hirar wasannin Amurka sai sunan Bo Jackson ya faɗo, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, wani ma bai gane wace irin ƙwallo ake magana a kai ba, shi ya sa na ga gara in haɗa su wuri guda in amsa su a tsanake. Ni dai ra'ayina tun farko shi ne mutumin nan ba a auna shi da jimillar maki ko yawan kofi, abin kallo shi ne abin da ya yi a ɗan lokacin da jikinsa yake lafiya, musamman shekarunsa na jami'a da mutane suka fi mantawa da su.

Wai waye Bo Jackson ɗin nan?

Ainihin sunansa Vincent Edward Jackson, an haife shi ran 30 ga Nuwamba 1962 a garin Bessemer na jihar Alabama, can kudancin Amurka. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma, gidan talakawa ne sosai, mahaifiyarsu ce ta yi ta fama da su. Yana yaro yana da i'ina mai ƙarfi, shi ya sa ba ya son magana cikin mutane, har ya girma ya yi suna ma ba mutum ba ne mai yawan surutu. Tsawonsa wajen mita 1.85, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma da wannan jikin yake gudu irin na 'yan tseren mita 100, to daga nan ne duk labarin ya samo asali.

Wace ƙwallo yake bugawa, irin tamu ce?

A'a, ba ƙwallon ƙafa irin ta su Kano Pillars ba ce. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, ta fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne kowane ɓangare, fili yadi 100, ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta samu a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. In ka shiga da ƙwallon can ƙarshen fili ka yi tacdawun kenan, maki 6. Aikin Bo shi ne a miƙa masa ƙwallo a hannu ya rungume ya ratsa ta cikin ƙatti, wato ranin-bak, kuma ana auna mai wannan matsayin ne da yawan yadin da ya ci da gudu. Mutum in yana cin yadi 4 zuwa 5 duk ɗauka ɗaya ana cewa ya iya. Ku riƙe wannan lissafin dan za mu dawo kansa.

Tun a sakandare ya fara haɗa wasanni?

Ƙwarai. A makarantar McAdory da ke McCalla yana buga ƙwallon Amurka, yana buga besbol, wato wasan doke ƙaramar ƙwallo da gora, yana guje-guje da tsalle-tsalle. Sau biyu ya zama zakaran jihar Alabama a dikatalon, gasar nan da mutum ɗaya yake yin wasa goma, gudu da tsalle da jifa duk a haɗe. Yakan tara maki da yawa a wasa tara na farko har ya zama ba sai ya yi tseren mita 1500 na ƙarshe ba, dan shi dogon gudu ba ya cikin abin da yake so. A 1982 ƙungiyar New York Yankees ta besbol ta zaɓe shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa, ga kuɗi a ƙasa yaro ɗan shekara 19 daga gidan da ba su da shi, amma ya ƙi, ya karɓi tallafin karatu na jami'ar Auburn saboda alƙawarin da ya yi wa mahaifiyarsa cewa zai je jami'a.

Me ya yi a Auburn da har yanzu mutanen garin suke ji da shi haka?

Sai ka fara gane gabar da ke tsakanin jami'ar Auburn da jami'ar Alabama tukuna. Jiha ɗaya suke, kowace shekara suna haɗuwa a wasan da ake kira Iron Bowl, kuma abin ya wuce wasa, gida ɗaya sai ka ga ya rabu biyu, kamar dai yadda gari yake rabewa ranar da Arewa da Kudu za su kara a dambe. Kafin Bo ya zo, Alabama ƙarƙashin shahararren kocinsu Bear Bryant ta yi shekara tara a jere tana cin Auburn. Tara fa, yaro ya shiga firamare ya gama bai taɓa ganin ƙungiyarsa ta ci ba.

To a watan Nuwamban 1982 a filin Legion Field na Birmingham, Bo yana ajin farko, wasa ya zo ƙarshe Auburn tana baya, suna dab da layi saura yadi ɗaya kuma damarsu ta huɗu ce ta ƙarshe, in suka kasa shi kenan an sake cin su. Aka miƙa wa Bo, maimakon ya kutsa ta ƙasa inda aka toshe sai ya yi sama, ya tsallake ta kan mutanen da suka cunkushe a layin, aka tare shi a sama ya sake miƙa jiki ya tura ƙwallon ta haye. Auburn ta ci 23 da 22. Kun ga inda tsallen sama da ya yi a sakandare ya yi masa rana, wannan shi ne abin da nake so a lura da shi, wasannin nasa ba rabe suke ba, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Wannan ne kuma Iron Bowl na ƙarshe da Bryant ya jagoranta, ya yi ritaya a ƙarshen kakar, ya rasu a Janairun 1983.

A 1983 abin ya ƙara gaba. Ya ci yadi 1,213 a ɗauka 158, wato kusan 7.7 duk ɗauka, ku tuna na ce 4 zuwa 5 ma an iya. A wasan Alabama na shekarar shi kaɗai ya ci yadi 256. Auburn ƙarƙashin koci Pat Dye ta ɗauki kofin rukuninsu na SEC, ta ci wasa 11 ta faɗi ɗaya kacal, ta je babban wasan ƙarshen kaka na Sugar Bowl ta doke Michigan 9 da 7, Bo ne gwarzon wasan. 1984 kuwa ya ji ciwo a kafaɗa a wasansu da Texas ya rasa wasanni da dama, duk da haka ya dawo ya zama gwarzon wasan ƙarshen kaka na Liberty Bowl da suka buga da Arkansas.

Mene ne Heisman, kuma yaya aka yi ya ci?

Heisman ita ce kyautar da ake ba gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'in Amurka duk shekara, 'yan jarida da waɗanda suka taɓa cin ta ne mafi yawan masu kaɗa ƙuri'a. Bo ya ci ta 1985. Ya buɗe kakar da yadi 290 a wasa ɗaya da Southwestern Louisiana, ya rufe da yadi 1,786 da tacdawun 17. Amma fa ba a sauƙaƙe ya same ta ba, Chuck Long na jami'ar Iowa ya bi shi dab da dab, tazarar maki 45 ce kawai tsakaninsu, a lokacin ba a taɓa yin zaɓe mai kusa haka ba. Dalili kuwa wasu 'yan jarida sun yi ta sukarsa wai ba shi da juriya saboda ya fita daga wasan Tennessee da na Florida da ya ji ciwo. Wannan sukar gaskiya tana ɓata min rai, dan mutumin nan ya buga wasan Alabama na wannan shekarar da karyayyun haƙarƙari biyu kuma ya ci sama da yadi 140. Wanda ba shi da juriya ba ya yin haka.

Jimilla a shekara huɗu ya ci yadi 4,303, matsakaici 6.6 duk ɗauka. Auburn ta jingine lambar rigarsa 34 a 1992. Mutum uku ne suka taɓa cin Heisman daga makarantar, Pat Sullivan a 1971, Bo a 1985, sai Cam Newton a 2010.

To besbol ɗin da gudun fa, da gaske ya iya ko dai suna ne kawai?

Ya iya da gaske. A besbol ana jefo maka ƙaramar ƙwallo da mugun gudu ka doke ta da gora, in ka doke ta ta fita bayan katangar fili shi ne homron. Mutumin da yake samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne. A kakar 1985 Bo ya yi .401 a Auburn, wato sau 4 cikin 10, da homron 17 a wasa 42, kuma wannan mutum ne da rabin shekararsa a filin wata ƙwallon daban yake, ba ya samun atisayen da sauran suke samu. Akwai wasan dare da suka buga a filin jami'ar Georgia, 'yan kallo suna ta yi masa ihu, ya doki wata ƙwallo ta tashi har ta bugi fitilar fili can sama, a daren ya yi homron uku.

A guje-guje kuma ya samu gurbin shiga gasar ƙasa ta jami'o'i a gajeren gudu a shekarunsa biyu na farko. Ka tsaya ka yi tunani, waɗanda yake tsayawa da su a layi gudu ne kawai sana'arsu, sirara ne, shi kuwa ga shi da jikin da ya haura kilo 100.

Da gaske ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.12?

Wannan adadin yana yawo sosai, wasu su ce 4.12 wasu 4.13, kuma masana suna jayayya a kai saboda yadda ake ɗaukar lokaci a 1986 ba kamar na'urorin yanzu ba ne. Ni ba na jingina da shi, kuma ba ya buƙatarsa. Hotunan wasanninsa suna nan a YouTube, kowa ya je ya ga yadda masu tsaron baya da suka fi shi ƙanƙanta suke binsa yana ƙara musu nisa.

Me ya haɗa shi da Tampa Bay?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, dan a nan ake ganin halin mutumin. Farkon 1986 yana cikin kakarsa ta ƙarshe ta besbol a Auburn, ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta NFL, wato babban lig ɗin ƙwararrun ƙwallon Amurka, wadda take da zaɓin farko a shekarar, ta aiko masa da jirgin mai ƙungiyar Hugh Culverhouse ya je a duba lafiyarsa ya ga wuri. An nuna masa cewa ba matsala a tafiyar. Da ya dawo sai ga shi dokokin wasannin jami'a sun hau kansa, aka ce tunda ya karɓi wannan tafiyar ya rasa damar ci gaba da buga besbol a makaranta, kakar ta mutu a tsakiya. Bo ya sha faɗa cewa shi a ganinsa da gangan aka yi, dan a raba shi da besbol ya zama ba shi da zaɓi sai NFL. Ya gaya musu ƙiri-ƙiri kar ma su ɓata zaɓinsu a kansa, ba zai buga musu ba.

Suka ɗauka wasa yake, suka zaɓe shi na ɗaya a duk ƙasar, suka ajiye masa kwantiragin sama da dala miliyan 7 na shekara biyar. Ya ƙi sa hannu. Ya je ya sa wa Kansas City Royals ta besbol hannu, wadda ta zaɓe shi a zagaye na huɗu, kan kuɗin da bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba na shekara uku, ya tafi ƙaramar ƙungiyarsu ta Memphis yana bin doguwar mota daga gari zuwa gari. Mutane da yawa a lokacin sun ce wauta ce. Ni ina ganin mutunci ne, yaron da ya tashi cikin babu ya kalli miliyoyi ya juya baya saboda yana jin an ci amanarsa, wallahi ba kowa ba ne zai iya. A watan Satumban shekarar aka ɗauko shi babbar ƙungiya, kuma homron ɗinsa na farko ya yi tafiyar ƙafa 475.

Yaya aka yi ya dawo ƙwallon Amurka, kuma ta yaya mutum ɗaya zai buga lig biyu?

Da shekara ta zagayo haƙƙin Tampa Bay a kansa ya faɗi, sai Los Angeles Raiders ta Al Davis ta zaɓe shi a zagaye na bakwai a 1987, na 183. Davis ya yarda da sharaɗinsa, ya gama kakar besbol tukuna, wadda take tafiya daga Afrilu zuwa wajen farkon Oktoba da wasa 162, sannan ya zo ya shiga NFL ana tsakiyar kaka. Ma'ana ba atisayen share fage, ba hutu na kirki, sauran sun yi wata biyu uku suna shiri shi kuwa daga wancan filin sai wannan. Shi ya sa a shekara huɗu wasa 38 kawai ya buga a NFL, kuma yana raba aiki da Marcus Allen wanda shi ma babban ɗan wasa ne. Duk da haka ya ci yadi 2,782, matsakaici 5.4.

Wasan da kowa yake tunawa shi ne na daren Litinin 30 ga Nuwamba 1987 da Seattle, ranar da ya cika shekara 25. Ya ci yadi 221, ciki har da gudun yadi 91 da ya yi bai iya tsayawa ba har ya shige hanyar ɗakin canza kaya, sannan ya bangaje ɗan tsaron Seattle Brian Bosworth ya tura shi har cikin layi.

A besbol na ƙwararru fa?

1989 ce shekararsa. Homron 32, aka zaɓe shi wasan taurari na All-Star a Anaheim, shi ya fara bugu wa ɓangarensa kuma ya buɗe da wani dogon homron, tsohon shugaban ƙasa Ronald Reagan yana zaune a ɗakin masu sharhi, aka ba shi gwarzon wasan. A watan Yunin shekarar ne ya jefo ƙwallo daga can gindin katanga a Seattle ta iso gida, wato wurin da mai gudu yake takawa ya ci maki, ba ta taɓa ƙasa ba aka fitar da Harold Reynolds, mutum mai gudu sosai. A 1990 a Baltimore ya kama ƙwallo yana cikin gudu, katanga ta tare shi, sai kawai ya taka ta ya yi 'yan taku a jikinta ya sauko. Da aka zaɓe shi Pro Bowl, wato wasan taurarin NFL, na kakar 1990 sai ya zama mutum ɗaya tilo da aka taɓa zaɓa tauraro a duka lig biyun.

Amma kar a ɓoye gaskiya, yana da rauni. Yana yawan kai duka ya kuskure, a 1989 ɗin ma sau 172 aka fitar da shi ta haka, kuma jimillar bugunsa .250 ce da homron 141. A besbol yana kan koyo ne har lokacin da ciwo ya same shi, kowace shekara yana gyaruwa.

Wane ciwo ne ya tsayar da shi?

Ran 13 ga Janairu 1991, wasan sili-ɗaya-ƙwale da Cincinnati Bengals. Yana cikin gudu a gefen fili Kevin Walker ya kamo ƙafarsa ta baya, kamu ne na yau da kullum ba mugunta a ciki, amma saboda ƙarfin gudun da yake yi ƙashin kwatangwalonsa na hagu ya goce. Abin da ya ɓata lamarin shi ne jijiyoyin da suke kai jini kan ƙashin sun lalace, ƙashi kuwa in jini ya daina isa gare shi mutuwa yake a hankali, guringuntsin wurin ya cinye. Bai ƙara buga ƙwallon Amurka ba, yana da shekara 28. Royals ta sallame shi a watan Maris, Chicago White Sox ta ɗauke shi, a 1992 aka yi masa tiyata aka sa masa kwatangwalon ƙarfe da roba, a shekarar ne kuma mahaifiyarsa ta rasu.

Kowa ya ɗauka an gama. A Afrilun 1993 ya dawo, bugunsa na farko a wasa da Yankees ya yi homron, ya gama kakar da 16, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa. Ya yi 1994 da California Angels, yajin aikin 'yan wasa ya katse kakar, daga nan ya ajiye.

Tsakaninsa da Deion Sanders wa ya fi? Akwai wasu irinsu?

Deion shi ma wasa uku ya yi a jami'ar Florida State, ya daɗe yana bugawa fiye da Bo nesa ba kusa ba, ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, sau biyu, kuma shi kaɗai ne ya taɓa buga Super Bowl da World Series, wato wasannin ƙarshe na kofin besbol. In tarihin aiki ake magana Deion ya fi. In kuma ana maganar wa ya fi ban tsoro a ranar da yake kan ganiyarsa, ni Bo zan ɗauka. Sun ma haɗu a filin Yankees a Yulin 1990, Bo ya yi homron uku a jere, sannan ya ji ciwo a kafaɗa garin cafko ƙwallon da Deion ya doka.

Kafin su akwai Jim Thorpe na makarantar Carlisle da ya ci zinare biyu a Olamfik ɗin Stockholm a 1912, da Jackie Robinson da ya yi wasa huɗu a UCLA, da Jim Brown a Syracuse. Bayansu akwai Charlie Ward da ya ci Heisman a 1993 ya tafi ƙwallon kwando a New York Knicks, da Kyler Murray da ya ci ta 2018 bayan Oakland ta besbol ta riga ta zaɓe shi, amma shi dole ya ɗauki ɗaya. Ɗan Najeriya ma yana cikin wannan sahun, Christian Okoye daga Enugu, jifan faifai ne ya kai shi jami'ar Azusa Pacific, a can ya koyi ƙwallon Amurka, ya je Kansas City Chiefs, kuma a 1989 shi ya fi kowa yadi a NFL da 1,480. Zamani ɗaya suka yi da Bo, rukuni ɗaya ma ƙungiyoyinsu suke.

Me ya sa yanzu ba a cika ganin irin haka ba?

Kuɗi da tsoron ciwo. Ƙungiyar da ta zuba maka miliyoyi ba za ta yarda ka je wani fili a karya ka ba, kuma tun yara suna ƙanana ake tura su wasa ɗaya shekara gaba ɗaya. Abin da ya samu Bo ɗin kansa ma ya zama hujjar da ake kafawa.

Ya gama karatun kuwa? Yanzu me yake yi?

Ya gama. Ya koma Auburn ya karɓi digirinsa a 1995 a fannin iyali da tarbiyyar yara, alƙawarin mahaifiyarsa kenan ya cika duk da ba ta raye. Ya zauna a yankin Chicago da iyalinsa yana harkokin kasuwanci, ciki har da wuraren horar da matasa 'yan wasa. Bayan guguwar da ta yi ɓarna a Alabama a Afrilun 2011 ya ƙirƙiro tseren keke na tara kuɗi mai suna Bo Bikes Bama dan taimakon waɗanda abin ya shafa da gina wuraren fakewa. A 2017 kuma ya faɗa a wata hira cewa da ya san illar da bugun kai yake yi wa ƙwaƙwalwa a ƙwallon Amurka da bai buga ta ba, kuma ba zai so 'ya'yansa su buga ba.